Me ake nema idan an hukunta mai laifi?

Duk lokacin da kotu ta yanke hukunci a shari'ar da ta ja hankalin jama'a, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce, "Shekara uku kacal, bayan duk ɓarnar da ya yi?" Wasu su ce an yi tsauri, yaro ne, da an ba shi dama. Can sai wani ya zaƙulo wata shari'ar ya ajiye kusa da wannan: ga wanda ya wawure miliyoyi an ci shi tara ya koma gida, ga wanda ya saci abin da bai taka kara ya karya ba yana ɗaure. Daga nan a fara zargin an sayi alƙali. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma sau da yawa masu gardamar ba su ma daidaita a kan tambayar farko ba. Idan hukuma ta hukunta mutum, me take so ta samu? Ta saka masa da abin da ya yi ne, ko ta tsorata wasu, ko ta raba shi da jama'a, ko ta gyara shi, ko ta share wa wanda aka zalunta hawaye? Kowace amsa tana kai mutum ga hukunci daban, shi ya sa mutum biyu masu hankali za su dubi hukunci guda, ɗaya ya ga sakaci, ɗaya ya ga zalunci.

Samun laifi daban, yanke hukunci daban

Shari'ar laifi gaɓa biyu gare ta. Ta farko ita ce ya aikata ko bai aikata ba, inda ake kawo shaidu da hujjoji, kuma nauyin tabbatarwa yana wuyan mai gabatar da ƙara. Ta biyu tana zuwa ne bayan an same shi da laifin ko ya amsa da bakinsa: to, yaya za a yi da shi? A yawancin ƙasashe doka tana yanka iyaka ta sama ne kawai, ta ce misali ɗaurin da bai wuce shekara 14 ba, sannan ta bar wa alƙali ya auna inda wannan mutumin ya faɗa. Saboda haka idan labari ya ce wane "zai iya shan ɗaurin shekara 14", iyakar abin da doka ta yarda a yi wa mafi munin masu wannan laifin ake faɗa. Mutane kan riƙe wannan adadin a ka, ranar da suka ji an yanke shekara huɗu sai su ce an yi cuwa-cuwa.

Sakayya: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa

Mafi tsufa cikin dalilan hukunci shi ne cewa mai laifi ya cancanci a saka masa. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun tanadi ido da ido da haƙori da haƙori, ko da yake hukuncin kan sauya gwargwadon matsayin wanda aka cutar. Wannan ra'ayi baya yake dubawa. Ba ruwansa da ko hukuncin zai rage laifi gobe. Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya kai shi maƙura a 1797, inda ya ce ko da mutanen wani tsibiri sun yanke shawarar watsewa kowa ya kama gabansa, wajibi ne su fara zartar da hukunci kan mai kisan kai na ƙarshe da ke tsare kafin su tashi.

Ana yawan ɗaukar sakayya a matsayin ramuwar gayya da aka sa wa rigar doka, kuma wannan rashin fahimta ne. Mai ramuwar gayya ba ya da ma'auni, yakan wuce kan mai laifi ya taɓa danginsa. Sakayya kuwa tana ɗaure hannun hukuma ta fuska biyu: kada a yi ƙasa da abin da laifin ya cancanta, kada kuma a zarce. Ita ce ta hana a ɗaure ɓarawon kaza rai-da-rai ko da an tabbata hakan zai kawo ƙarshen satar kaji. A ganina wannan iyaka ta sama ita ce mafi daraja cikin abin da tunanin sakayya ya ba duniya. Rauninsa shi ne babu sikelin da ke cewa fyaɗe daidai yake da shekara kaza, fashi daidai da kaza. Kowa ya yarda kisa ya fi sata muni, amma adadin shekarun kowace ƙasa da nata.

Izina, da abin da bincike ya gano game da tsoro

"A yi masa hukunci ya zama izina ga 'yan baya." Wannan ita ce maganar da aka fi ji, kuma tana da fuska biyu: a tsorata shi kansa mai laifin kada ya sake, a kuma tsorata masu kallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Masu wannan ra'ayi gaba suke dubawa. Baturen Ingila Jeremy Bentham ya ce a 1789 hukunci shi kansa cuta ne, ba ya halatta sai idan zai kawar da cutar da ta fi shi.

Babu shakka tsoron hukunci yana aiki. Inda 'yan sanda suka janye gaba ɗaya, laifi kan ƙaru nan take. Abin tambaya shi ne wane ɓangare na hukuncin ne ke tsoratarwa. Tun 1764 wani matashin masani daga Milan ta Italiya, Cesare Beccaria, ya ce tabbacin za a kama ka, da saurin zuwan hukuncin, sun fi tsananinsa hana laifi. Fiye da shekara 250 bayan haka bincike bai ƙaryata shi ba. Majalisar bincike ta ƙasa a Amurka ta duba tarin nazarce-nazarce a rahotonta na 2014, ta kammala cewa ƙara tsawon ɗaurin da dama can mai tsawo ne ba ya ƙara hana laifi sai ɗan kaɗan.

Dalilin ba boyayye ba ne idan mutum ya yi tunanin yadda ake aikata laifi. Wanda ke shirin fasa shago da dare ba ya zama ya lissafa ko shekara bakwai ce ko goma. Sau da yawa bai ma san abin da doka ta tanada ba. Abin da ke ransa shi ne akwai mai gadi, akwai kyamara, wani zai gane fuskata? Idan ya gamsu ba za a kama shi ba, shekara bakwai da shekara saba'in duk ɗaya ne a wurinsa. Laifuka masu yawa kuma ana yin su ne cikin fushi ko maye, lokacin da lissafi ya riga ya bar kai.

Ingila ta gwada tsanani har ƙarshensa. A farkon ƙarni na 19 laifuka fiye da 200 ne ke da hukuncin rataya a can, ciki har da ƙananan sace-sace. Sakamakon ya zo a karkace. Masu taya alƙali yanke shari'a sukan rage darajar kayan da aka sata da gangan, su ce bai kai sule 40 ba, don kada a rataye mutum kan ɗan abu. Waɗanda aka yi wa satar ma wasu sukan ƙi kai ƙara. Tsananin da ya wuce kima sai ya rage tabbacin hukuncin, wato ya kashe ainihin abin da ke tsoratarwa. Wannan darasi ne da 'yan siyasa ba sa son ji, domin ƙara shekaru a takardar doka ba ya cin ko sisi a ranar da aka yi shi, alhali horar da masu bincike da gina ɗakunan gwaje-gwaje da hanzarta shari'a aiki ne mai tsada da ba ya shiga kanun labarai.

Killacewa: a raba shi da jama'a

Dalili na uku mai sauƙi ne. Wanda ke kulle ba zai shiga gidan kowa ba. Akwai mutanen da hatsarinsu ya kai a ce wannan kaɗai ya isa hujja, kuma ba na jin akwai mai hankalin da zai musa. Akwai ma binciken da ke ƙarfafa shi. Nazarin da Marvin Wolfgang da abokan aikinsa suka fitar a 1972, kan yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya na Amurka, ya nuna kimanin kashi 6 cikin ɗari ne suka aikata fiye da rabin laifukan da aka rubuta wa rukunin baki ɗaya. Ke nan idan aka gano waɗannan 'yan tsirarun aka killace su, an rage ɓarna mai yawa.

Wahalar tana wajen ganowa. Hasashen wanda zai sake laifi yana yawan kuskure, kuma hukunta mutum kan abin da ake zaton zai yi nan gaba ya saɓa wa adalcin da sakayya ke karewa. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1994 wadda ta ce duk wanda ke da manyan laifuka biyu a baya, idan ya yi na uku, ɗaurin shekara 25 zuwa rai-da-rai ne. Leandro Andrade ya saci kaset-kaset na bidiyo na kimanin dala 150 a shaguna biyu a 1995, aka yanke masa shekara 50 zuwa rai-da-rai, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta tabbatar da hukuncin a 2003. Sai a 2012 masu zaɓe a jihar suka sassauta dokar, suka ce dole laifi na ukun ya zama babba ko na tashin hankali.

Ga kuma batun shekaru. A kusan ko'ina aka auna, aikata laifi yana kai ƙololuwa ne daga ƙarshen samartaka zuwa farkon shekaru ashirin, sannan ya yi ta raguwa. Dattijo ɗan shekara 65 da ke tsare kan abin da ya yi yana ɗan 25 galibi ba barazana ba ne ga kowa, amma ana ci gaba da ciyar da shi da biyan kuɗin maganinsa daga aljihun jama'a. Wasu laifukan kuma, kamar dillancin ƙwaya, da zarar an ɗauke mutum ɗaya wani ya maye gurbinsa kafin gari ya waye.

Gyaran hali: gaskiyar da ake mantawa

Mafi yawan fursunoni za su fito wata rana. Wannan ita ce gaskiyar da ake mantawa a zafin gardama. Wanda aka yanke wa shekara biyar zai dawo unguwa, zai hau mota ɗaya da mutane, zai nemi aiki da mata. Yadda ya fito ya shafi lafiyar kowa.

Tunanin gyara ya daɗe, kuma ya yi tuntuɓe da yawa. Gidan yarin da aka buɗe a Filadelfiya a 1829 ya riƙa kulle kowane fursuna shi kaɗai, da zaton kaɗaici zai sa ya yi nadama ya tuba. Da yawa taɓin hankali suka samu. A yau ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun haramta kullen kaɗaici da ya wuce kwana 15 a jere. A 1974 wani mai bincike, Robert Martinson, ya duba shirye-shiryen gyaran hali fiye da 200, aka fassara sakamakonsa da cewa babu abin da ke aiki. Shi da kansa ya janye wani ɓangare na maganar a 1979, amma ta riga ta yi tasiri, Amurka ta karkata ga dogon ɗauri har yawan waɗanda ke tsare ya kai kimanin miliyan 2.3 wajen 2008. Nazarin da ya biyo baya ya nuna wasu shirye-shiryen suna aiki: maganin shaye-shaye, karatu da koyon sana'a, da horon da ke koya wa mutum riƙe fushinsa da sauya yadda yake tunani, musamman idan aka ba waɗanda suka fi hatsarin komawa laifi.

Norway ce misalin da aka fi kawowa. Ana horar da gandirobobi na tsawon shekara biyu, kuma a gidan yarin Halden da aka buɗe a 2010 fursunoni kan dafa abincinsu, su je aji ko wurin sana'a kamar yadda ake yi a waje. Hukumominsu na cewa raba mutum da 'yancinsa shi ne hukuncin, ba a ƙara masa da wulaƙanci. Kimanin kashi 20 cikin ɗari ne ake sake yanke wa hukunci cikin shekara biyu da fitowa. A Amurka, cikin waɗanda aka saka daga gidajen yarin jihohi 30 a 2005, kusan biyu bisa uku an sake kama su cikin shekara uku. Kada a ɗora adadin biyu a sikeli ɗaya kai tsaye, domin sake kamu daban, sake yanke hukunci daban, kuma Norway ƙasa ce ƙarama mai arziki. Duk da haka tazarar ta isa a tsaya a duba. Tsarin Norway kuma bai rasa haƙori ba. Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a Yulin 2011, an yanke masa tsarewar shekara 21 wadda kotu za ta iya ci gaba da tsawaitawa muddin ana ganin yana da hatsari.

Ina rabon wanda aka zalunta?

A shari'ar zamani hukuma ce ke ƙarar mai laifi, wanda aka cutar kuwa shaida ne kawai. Ana iya ɗaure ɓarawo shekara uku, wanda aka yi wa satar bai ga ko allura daga kayansa ba. Wannan giɓi ne ya farfaɗo da tunanin maido da haƙƙi, inda ake tambayar wa aka cutar, me yake buƙata, wa ya kamata ya biya. Shari'ar Musulunci ta daɗe da ba wanda aka zalunta murya a laifukan jini: a ƙisasi, magadan wanda aka kashe suna da zaɓin neman a zartar, ko karɓar diyya, ko yafewa. New Zealand ta kafa doka a 1989 da ke haɗa yaron da ya yi laifi da danginsa da wanda ya cutar a zauna a tsara yadda zai gyara ɓarnar. Ruwanda, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, ta tsinci kanta da mutum kimanin 120,000 a tsare, adadin da kotunan ƙasar ba za su iya gamawa da shi ba cikin shekaru masu yawa. Kotunan gacaca na cikin al'umma sun saurari shari'u kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, suna rage hukunci ga wanda ya amsa laifi ya nemi gafara. An yi sukarsu kan rashin lauyoyi da matsa wa shaidu, kuma sukar tana da tushe. Sulhu yana da hatsarinsa a ko'ina: inda mai laifi ya fi ƙarfi ko kuɗi, ana iya tilasta wa mai rauni yafewa, musamman a laifukan fyaɗe da dukan mata.

Mutum ɗaya, hukunci biyar

A ɗauka ga saurayi ɗan shekara 20, ɗan ƙwaya, ya ture wata mata ya fizge mata waya, ta faɗi ta karye a hannu. Bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Mai ra'ayin sakayya zai dubi karayar da firgicin ya ce ɗauri ya dace, matsakaici. Mai ra'ayin izina zai ce fizgen waya ya yi yawa a garin, a tsananta masa don saura su ji. Mai ra'ayin killacewa zai tambayi ko zai sake, kuma tunda ƙwayar na nan, yana iya cewa a riƙe shi. Mai ra'ayin gyara zai ce gidan yari zai haɗa shi da ƙwararrun ɓarayi, a tura shi magani a sa masa ido. Matar kuwa wataƙila abin da take so shi ne kuɗin asibiti da wayarta da tabbacin ba za ta sake haɗuwa da shi a hanya ba. Alƙali ɗaya ne zai ɗauki waɗannan duka ya fito da hukunci guda. Dokar Ingila ta jera manufofi biyar ɗin nan ta ce alƙali ya yi la'akari da su, ba ta ce wanne ke gaba ba.

Kayan aikin da ke hannun alƙali

Tara ita ce hukuncin da aka fi yankewa a ƙasashe da dama. A Jamus kusan huɗu cikin biyar na hukuncin manya tara ce. Aibinta a fili yake: adadin da zai durƙusar da lebura, attajiri ba zai ji ya fita daga aljihunsa ba. Finland ta magance wannan tun 1921 da tarar kwanaki. Nauyin laifin ne ke nuna yawan kwanakin, abin da mutum ke samu kuma ya nuna kuɗin kowane kwana. Ta haka ne a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia tarar yuro 116,000 saboda gudun wuce ƙima a kan babur a Helsinki, kafin daga baya a rage. Ina ganin wannan tsari ya fi kusa da adalci nesa ba kusa ba.

Sai ɗaurin je-ka-gyara-halinka, inda ake yanke wa mutum ɗauri amma a dakatar da shi, idan ya sake laifi cikin wa'adin da aka sa ya tafi ya yi. Kusa da shi akwai sa ido, inda jami'i ke bin diddigin mutum da sharuɗɗa kamar zuwa magani ko nisantar wani wuri. Asalinsa wani mai ɗinkin takalma ne a Boston, John Augustus, wanda a 1841 ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi ya kula da shi, ya dawo da shi bayan makonni a natse. Akwai aikin yi wa al'umma hidima ba tare da biya ba, wanda Ingila ta shigar cikin dokarta a 1972, da ɗaurin talala a gida tare da na'urar da ake ɗaura wa mutum a ƙafa. Wasu ƙasashe, kamar Singafo, har yanzu suna yin bulala.

Ɗauri kansa kala-kala ne. Akwai mai wa'adi tsayayye, akwai wanda ake cewa daga shekara kaza zuwa kaza, kwamiti ya duba lokacin da ya dace a saki mutum bisa sharaɗi. Wanda aka saka ta wannan hanya bai gama hukuncinsa ba, yana ƙarasa shi ne a waje, kuma ana iya mai da shi. Wani abin da ke rikita mutane shi ne laifuka da yawa a shari'a ɗaya. Idan aka yanke wa mutum shekara biyar-biyar kan laifuka huɗu aka ce su tafi tare, shekara biyar zai yi. Idan aka ce ɗaya bayan ɗaya, 20 ce. Haka aka tara wa Bernard Madoff, mai babbar damfarar zuba jari a Amurka, shekara 150 a 2009 yana ɗan shekara 71. "Rai-da-rai" ma ba ma'ana ɗaya gare shi ba: a wasu ƙasashe sai gawa ta fito, a wasu ana duba yiwuwar saki bayan shekara 15 ko 25.

Gajeren ɗauri na 'yan watanni shi ne wanda na fi shakka a kansa. Ya isa ya raba mutum da aikinsa da hayarsa, wani lokaci da aurensa, amma bai isa a koya masa sana'a ko a raba shi da ƙwaya ba. Jamus ta taƙaita ɗaurin ƙasa da wata shida tun gyaran dokar 1969, Scotland kuma tun 2019 ta umarci alƙalai su guji ɗaurin da bai wuce wata 12 ba sai in babu makawa.

Hukuncin kisa shi ne inda ra'ayoyi suka fi nisa da juna. Fiye da biyu bisa uku na ƙasashen duniya sun daina shi a doka ko a aikace, Faransa a 1981, Afirka ta Kudu a 1995. China da Iran da Saudiyya da Amurka suna cikin masu zartarwa. Masu goyon baya suna tsayawa ne kan sakayya, cewa ran da aka ɗauka da gangan ba shi da wani fansa daidai da shi, kuma wannan hujja ce da miliyoyin mutane suka riƙe da imani. A ɓangaren izina, majalisar binciken Amurka ta ce a 2012 nazarce-nazarcen da ake da su ba su isa a gina hukunci a kansu ba, ko ta wane gefe. Babbar hujjar masu adawa ita ce kuskure. An rataye Timothy Evans a Ingila a 1950, bayan shekara uku aka gano maƙwabcinsa John Christie, wanda ya ba da shaida a kansa, makashin mata ne da ya ɓoye gawarwaki a gidan. An yi wa Evans afuwa a 1966, shekara 16 bayan mutuwarsa. A Amurka kimanin mutum 200 da aka yanke wa kisa tun 1973 aka wanke daga baya.

A ɗaure hannun alƙali ko a sake shi?

Idan an bar wa alƙali zaɓi, yana duba abubuwan da ke ƙara nauyi, kamar amfani da makami, cin amana, shirya laifin tun da wuri, ko cutar da yaro, da waɗanda ke sassautawa, kamar ƙuruciya, rashin laifi a baya, nadama da biyan abin da aka ɓata. Amsa laifi da wuri ma yana rage hukunci. A Ingila ragin kan kai kashi ɗaya bisa uku, a Amurka kuwa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake samu da laifi amsawa suke yi, galibi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara. Wannan yana rage cunkoso, amma yana iya sa marar laifi ya amsa don tsoron abin da ya fi muni.

Zaɓi yana buɗe ƙofar bambanci da son rai, shi ya sa wasu majalisu ke kafa mafi ƙarancin hukunci na dole. Nan ma akwai rami. Dokar ƙwaya ta Amurka ta 1986 ta daidaita giram ɗaya na wani nau'in hodar ibilis mai arha da giram 100 na hodar gari, nauyin kuwa ya faɗa kan baƙaƙen fata talakawa, sai a 2010 aka rage tazarar daga giram 100 zuwa giram 18. Fiƙihun Musulunci ya raba lamarin: haddi ƙayyadadde ne amma an tsaurara shaidarsa kuma shubuha tana kawar da shi, ta'aziri kuwa an bar wa alƙali ya auna. Sayyidina Umar bai zartar da haddin sata ba a shekarar yunwa. Ƙasashe da yawa a yau sun zaɓi tsaka-tsaki, wato jadawalin jagora da ke ba alƙali mafari da iyaka, in zai kauce sai ya rubuta dalili, wanda kotun ɗaukaka ƙara za ta iya dubawa.

Inda abin ke taɓa talaka

Duk wannan muhawara ta shafi wanda aka yanke wa hukunci ne. Cikin mutum fiye da miliyan 11 da ke tsare a duniya, kusan kashi ɗaya bisa uku jiran shari'a suke yi, a Indiya ma sun kai kusan uku bisa huɗu. A idon doka ba su da laifi. Da yawa suna ciki ne don ba su da kuɗin beli ko mai tsaya musu, wasu har su wuce iyakar ɗaurin da laifin da ake zarginsu ya tanada. Haka wanda aka ci tara ya kasa biya yakan ƙare a kurkuku, ga laifin da alƙali da kansa ya ga bai kai ɗauri ba.

Hukuncin kuma ba ya tsayawa kan mai laifi. Idan aka ɗaure mai ciyar da gida, yara kan bar makaranta, matar ta shiga bashi wajen biyan lauya da kai ziyara. Bayan fitowa, tambarin tsohon fursuna yana hana aiki da haya da lasisin sana'a, alhali samun aiki da matsuguni suna cikin abubuwan da suka fi hana mutum komawa laifi. Saboda wannan ne Birtaniya ta kafa doka a 1974 wadda ke ba wanda ya yi wasu shekaru bai sake laifi ba damar daina ambaton tsohon hukuncinsa wajen neman yawancin ayyuka, ban da irin aikin kula da yara da marasa ƙarfi, inda ake binciken tarihin mai nema gaba ɗaya.